Akwatin Wuta Ya Koyi Gaisuwa

Wudil

Zuwa ga Oga Malam Nathaniel,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kun isa Kafanchan lafiya. Ya Kirsimeti, ya Madam Marta? Nine Bilya maƙocinka, injiniyan da jami'a bata san tana dashi ba.

Ƙwan talotalon Madam suna cikin injin ƙyanƙyasa lafiya lau. Amma oga na leƙa furogiram ɗin daka rubuta ma kwamfutar akwatin wuta mai juya injin kan batir, wallahi naji kunya. Ɗan cif ɗinnan, ƙaramar na'urar nan mai gadin wuta, in an ɗauke wuta yazo ya ƙwanƙwasa ma kwamfuta, sai tace masa "naji" kawai ta juya kan batir. Haba oga! Mulkin soja fa ya wuce. Na gyara maka. Yanzu in ya ƙwanƙwasa sai ta rubuto a allo: sannu da zuwa, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Utai. In ta gama sannan ta juya. Ko a Kano babu mai wannan kan.

Naka har kullum,
Injiniya Bilya

Kafanchan

Bilya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Makulli na ba ka don ka riƙa juya ƙwai kawai. Cif ɗin nan ba baƙo ba ne. Idan ya katse kwamfuta, komai tsayawa yake sai ta sallame shi, kuma ragowar wutar da take da ita a lokacin ba ta wuce ƙiftawar ido ba. Ta amsa, ta share alamar kiran da ya yi mata, ta juya kan batir, hira daga baya. Ka cire gaisuwar nan yau. Marta ta yi wa zumuntar mata alkawarin 'yan tsakin nan, kuma ka san ta.

Ka huta lafiya,
Nathaniel

Wudil

Oga ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso, amma ɗaukewar wuta ta rigata. Kwamfuta ta kai kan "ya iyali" sai ta mutu, bata juya kan batir ba, injin ya huce. Amma oga da ladabinta ta mutu, kowa ya shaida.

Karka gaya ma Madam tukunna. Na naɗe ƙwan a bargona na hau acaɓa zuwa ƙauyen Achika, kazar innata Yelwa ta kwanta akai. Wannan kazar irin furogiram ɗinka ce sak, bata san gaisuwa ba. Na miƙa hannu ko sallama ban gama ba ta sare ni.

A gaida Madam, amma daga nesa.

Bilya