Ragon Layyata

Zuwa ga Baban Hafsat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Legas, ya kasuwa? Mu nan Ɗanbatta lafiya lau, Hafsat tana gaishe ka.

Na karɓo ragon layyata daga gidan ƙaninka Uwaisu. Kai ka ce in kai masa, wai harawarsa ta fi tawa yawa. Da na ga ragon sai da na nemi wuri na zauna. Ragon da na raina tun yana lasar kamu a tafin hannuna ya koma ƙashi da fata, ko kwano ya faɗi sai jikinsa ya hau rawa. Uwaisu ya rantse bai taɓa barin sa da yunwa ba. Gobe zan kai shi wurin malamin dabbobi.

Ka huta lafiya.
Matarka, Zuliha.

Zuwa ga Baban Hafsat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni dai raina a ɓace yake.

Malamin ya ce wataƙila ba yunwa ba ce. Wai jikin dabba da kansa yake haɗa wani bitamin daga abinci mai gina jiki. To idan kullum tana cikin firgici, sinadarin tsoro da ke yawo a jininta yana iya dagula wannan aikin, ga ci amma ba ƙiba. Ya nuna mini gindin ƙahon a tsage yana tsattsafar jini, ya tambaye ni wa yake razana shi.

Ramlat matar Uwaisu ce ta ji tausayina, ta buɗe mini wayarsa, ta nuna mini wani bidiyo. Ashe duk ranar kasuwa bayan gari yake jan ragona a yi karo da shi, samari suna ihu. Wannan bai ba ni mamaki ba, mai hali ba ya fasa halinsa. Amma ƙarƙashin bidiyon akwai saƙon murya, kuma muryarka ce. Kana ƙyalƙyala dariya, kana cewa a nemo masa abokin karon da ya fi wannan girma, kada dai Zuliha ta ji.

To Zuliha ta ji. Ka ci amanata, Baban Hafsat. Ka san wannan ce layyar da zan fara yi da gumina, ka san ƙuli-ƙulin da na soya kafin in mallake shi.

Liman ya duba ragon, ya ce da wannan rama da rauni ba zai yi layya ba. Ranar Sallah zan miƙa kwano in karɓi naman maƙwabta kamar kowace shekara. Hafsat ta dame ni da tambayar me ya sa ba za mu yanka ba. Na ce ta bari ka kira, kai za ka gaya mata.

Wassalam.
Zuliha.