Wardinki Ya Kama Ƙasa, Katell

Zuwa ga Katell, sanyin idona, ranar da ke leƙowa bayan an yi kwana tara ana ruwa, mace ɗaya tilo a duk tsibirin Batz da ta taɓa daka mini tsawa na ce na gode!

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi yashin gaɓarmu yawa. Ya birnin Rennes? Ya asibiti, ya marasa lafiyar da suka ƙwace mana ke na wata biyu? Mu nan lafiya lau, muna tsakiyar haƙar dankali, hannuna ya yi kaushi har alƙalami na suɓuce mini. Na san za ki yi mamaki. Goulven da wasiƙa? Mutumin da ke kiranki a waya ya ce an yi ruwa, ko ba a yi ruwa ba, sai ya yi shiru yana sauraron numfashinki? To, akwai maganar da waya ba ta ɗauka, musamman idan mai maganar matsoraci ne. Ki nemi wuri ki zauna tukuna. Idan akwai allura a hannunki, ki ajiye ta.

Zancen wardinki ne. Ɗan gajeren nan da bai kai gwiwata ba, amma ƙamshinsa yake tare mutum tun daga bakin ƙofa, wanda kika zaga garuruwa huɗu da shi a cikin shuɗiyar tukunya guda. Ni dai tun farko na san matsayina a wurinki, shi ne gaba, ni ne baya. Kin tuna guguwar watan Fabrairu? Iska na kwaso ruwan gishiri tana watsa shi har kan rufin gidaje, na baro gona a guje don na ga ko kina lafiya. Kika buɗe ƙofa, kika dube ni da idanun nan naki masu launin teku a safiyar da ba iska, zuciyata ta narke, na ce yau kam za a rungume ni. Ashe rigar ulun jikina kike kallo! Kika tuɓe mini ita kika naɗe tukunya, ni kuwa na tsaya haƙorana na kaɗawa. Wallahi ban taɓa jin daɗin sanyi irin na ranar ba.

Ranar da za ki tafi kika miƙa mini shi da dokoki uku, kina nuna ni da yatsa. Ruwan sama na cikin duro kawai zai sha. Zai zauna bayan katanga, inda iskar yamma ba ta isa. Ta ukun kuma har sau biyu kika faɗa: kada na kuskura na dasa shi a ƙasa, domin inda za ki, can za shi. Na ce to. Ban gaya miki yadda dokar nan ta soke ni ba.

Dokoki biyun farko na kiyaye su kamar umarnin coci. Amma da kwana biyar ya wuce, sai na ga kamar ya rame. Wataƙila kewarki yake yi, wa zai ga laifinsa? Kin kuma san mu mutanen nan, maganin komai a wurinmu ciyawar teku ne. Da ita kakana ya yi wa gona taki, da ita ubana ya yi, da ita nake yi, kuma babu dankalin da ya taɓa kai ƙara. Sai na jira ruwan teku ya janye, na gangara na kwaso ta ɗanya tana ɗiga, na jibga masa a tukunya har wuya. Na koma gefe ina yaba kaina, na ce in Katell ta dawo za ta tarar da shi ya kai ƙugu.

Kaito, abar ƙaunata! Abin da ban lissafa ba shi ne, ciyawar da muke zubawa a gona tun kaka take kwance, ruwan sama ya yi wata huɗu yana wanke ta, gishirin ya bi yashi ya tafi. A tukunya ina zai je? Cikin mako guda bakin ganyen ya ƙone, ya koma launin ɓawon burodi, furannin suka sunkuyar da kai suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Hoton nan da na turo miki na ce ki ga yadda yake walwala, tsoho ne, tun ranar tafiyarki na ɗauke shi. Sau uku na turo miki shi, ina ɗan yanke gefensa don ya zama kamar sabo. Ki yafe mini.

Gwaggo Soaz ce ta kama ni durƙushe a gabansa. Ta leƙo ta kan katanga, ta dubi wardi, ta dube ni, ta riƙe haɓa. Ta ce: "Kai Goulven, fure aka ba ka amana ko kifi aka ce ka gishirta? Shekara arba'in da shida, kai kamar tulu, amma babu komai ciki sai dankali! Ai sai ka fara neman wata, wannan kam ta tafi." Na ce Gwaggo, a taimaka dai. Ta ce taimako ɗaya ne: a zare shi, a wanke saiwarsa da ruwan sama, a zubar da ƙasar tukunyar duka, a sa shi a ƙasa mai zurfi ya sha iska. Na gaya mata dokarki. Ta ce: "To zaɓi, ɗan nan. Ta dawo ta same shi a ƙasa da rai, ko ta same shi a tukunya gawa."

Na zaɓa, Katell. Yana lambun mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a lungun da katangar dutse ta rungume, inda rana ke fara sauka da safe. Zan yi miki ƙarya idan na ce raina bai yi fari ba da nake haƙa ramin. Kwana goma sha biyu ya yi tsaye kamar tsinke, ba ya mutuwa ba ya rayuwa, ni kuma ina zuwa kullum ina ba shi haƙuri, har Tangi ɗan kawuna ya fara tambaya ko na samu taɓuwa. Rana ta goma sha uku sai ga toho, ja wur, ɗan ƙarami kamar kunnen ɓera. Yau da safe na ƙirga kawunan fure bakwai, ɗaya ya buɗe. Na durƙusa na shaƙa, sai ga ki gaba ɗaya, wuyanki, dariyarki, har da hararar. Na daɗe a wurin, dankali na jira.

Ba don na ɗaure ki na yi ba, kada ki ce manomi ya yi miki wayo. Na san takardar da ke kan teburinki. Na san ranar talatin ga wata suke jiran ki sa hannu, kuma in kin sa, aikinki na can ya zama na dindindin, ɗakin shan maganinmu na tsibiri sai ya nemi wata nas. Me zan ce? Me muke da shi a nan? Iska, gishiri, tsofaffi masu ciwon gwiwa, da wani sakarai da bai iya riƙon fure ba. Amma ya hasken gidana, wa ya gaya miki ba kya kama ƙasa? Kin ce ke ba kya zama wuri, kin ce haka Allah ya yi ki. Haka kika ce game da shi ma, cewa ɗan tukunya ne. Ki zo ki ga ɗan tukunya yau! Ina son ki, Katell. Ina son ki da safe in kina faɗa, ina son ki da rana in kina tuƙa kekenki kamar an biyo ki, ina son ki a gidan nan har gashinmu ya yi fari, ki aure ni ki yi ta kafa mini dokoki ina karya ɗaya cikin uku.

Idan kuwa kin sa hannu, ba zan riƙe miki abinki ba. Sai dai Gwaggo ta ce ba a tumɓuke wardi da rani, sai Nuwamba in ya zubar da ganye ya yi barci. A lokacin zan haƙo shi da ƙasarsa, ba zan yanke ko saiwa ɗaya ba, na kawo miki shi har ƙofarki a Rennes.

Abu ɗaya nake so ki sani kafin ki ɗauki alƙalami. Jiya na zaga da Tangi gonakina uku, na nuna masa iyaka, na nuna masa inda ruwa ke kwanciya. Ya ce zai iya riƙe su. Ya yi ta kallona, don ya san ban taɓa yin mako guda a wajen tsibirin nan ba tun da aka haife ni. Ban san me mai noman dankali zai yi a ɗakinki na bene hawa na huɗu ba, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma in na zo kawo shi, tikitin zuwa kawai zan yanka.

Naki a nan, naki a can, naki muddin teku na cika tana janyewa,

Goulven