Na Dasa Masa Shirme a Littafin Darasi, Ya Kwafa Ya Koyar

Assalamu alaikum Anti, ina gaida masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah a kai ƙarshe kafin a fara zagina, ni ma na san ban kyauta ba.

Ni malama ce a wata kwaleji a nan Dutse. Na daɗe ina koyar da yadda ake amsa tambayar kwatanta harsuna, wadda ake ce wa ɗalibi ya ɗauki Hausa da Larabci ko Turanci ya nuna inda suka yi kama da inda suka rabu. Ita ce ke kayar da ɗalibai duk shekara. Na sha wahala na tsara hanyata: ka ɗauki batu ɗaya, ka kawo misali daga nan, ka kawo daga can, ka faɗi bambancin nan take, sannan ka wuce. Duk na rubuta a littafin darasina.

Sai aka kawo mana sabon malami, bari in kira shi Malam Sabo. Kamar ƙanena na riƙe shi, har tuwo nake aika masa daga gidana a Yalwawa lokacin bai yi aure ba. Ya ari littafin wai zai duba. Bayan wata biyu sai ga shi a taron malamai yana gabatar da hanyata da sunansa, har da misalan da na ɗauko a bakin kakata. Aka tafa masa, aka ba shi shugabancin kwas ɗin, ina zaune kamar baƙuwa. Da na tare shi sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, ilimi ai na kowa ne." Na kowa? Shi ya kwana yana rubutawa?

Na san halinsa, kwafa kawai ya iya. Sai na sayi sabon littafi, na rubuta "Gyararriyar Hanya" a bango, na cika shi da shirme mai kama da gaskiya: a zube bayanin harshe ɗaya a shafi guda, na ɗayan a wani shafin, kar a haɗa su, mai maki zai haɗa da kansa. Na bar shi a kan tebur na tafi sallar azahar. Ya zo ya ɗauki hoton shafukan da waya, ko lura bai yi ba ya saɓa wa hanyar da ya gabatar. Yanzu shi yake koya wa ajinsa, saura mako uku jarrabawa, kuma malamin waje ne zai yi makin. So nake ajin ya zube, a tsayar da shi gaban mutanen da suka tafa masa a tambaye shi. Wallahi in na wuce ta tagarsa na ji yana karanto shirmena, sanyi nake ji a raina.

Ranar Alhamis wata ɗalibarsa ta shigo ofishina, matar aure ce daga Garki, da goyonta. Bara ta faɗi kwas ɗin, in ta sake faɗuwa sallamarta za a yi. Ta durƙusa ta miƙo littafinta ta ce, "Malama, ki duba mini, duk na haddace. Malam ya ce wannan ce sabuwar hanya, taki ta tsufa." Tawa ta tsufa. Na kalli shirmena cikin kyakkyawan rubutunta, har ta ja layi da jan biro. Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Ya yi kyau, ki ci gaba." Ta yi mini addu'a har da iyayena, ta fita.

In na buɗe baki, ni za a kai gaban kwamiti, shi kuma ya zama wanda aka zalunta, ya tsira da sunansa da kujerarsa. In na yi shiru, baiwar Allahn nan ta koma Garki hannu rabbana. Ina jin kunya, amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu so nake in ga ya tozarta. Litinin za ta dawo in duba mata sauran. Idan ta miƙo littafin, me zan yi?