Koren Dutsen da Na Aiko

Kitwe, Zambiya
4 ga Maris, 1978

Yaya Maitama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inno? Ya Rabi da nauyin jiki? An gama kai auduga Funtua? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, kada Inno ta ji.

Yaya, koren dutsen da na aiko ta hannun Alhaji Raufu na ado ne kawai. Da na karanta a takardarka cewa Inno ta niƙa shi ta ajiye na kwallin jariri, wallahi nan take na zauna rubuta maka wannan.

A jujin mahaƙar jan ƙarfe na tsince shi. Yanzu aikina auna ruwan da ke tsiyaya daga jujin nan. Rafin da yake shiga babu kifi ko ɗaya, masarar bakinsa kuwa ta ƙone tun ba ta kai gwiwa ba.

Ka karɓe shi, ka binne nesa da rijiya. In Inno ta yi faɗa, laifina ne.

Wasiƙa sati uku take yi a hanya, ga shi ka ce Rabi ta shiga watanta. Allah Ya sa takardar nan ta riga jaririn isowa.

Ƙaninka,
Mudi