Na'urar Ba Ta San An Naɗa Ka Ba

Nana Dankwa, ranka ya daɗe,

Na iske ka kana minshari da takalmin sarautarka a ƙafa, sai na ƙyale ka. Na wuce kasuwar Kejetia.

Jiya a wurin naɗi dattawa sun ce daga yau ba mai sake kiranka da tsohon suna: an binne Kwaku Tumbi, sai Nana Dankwa. Shi ya sa da safe na shiga shafin kamfanin da ke riƙe mana shafin shagonmu na intanet, na canza sunan akawun ɗinka daga kwakutumbi zuwa nanadankwa. Wai ni mai biyayya.

Nan take shafin ya mutu. Hotunan yadin kente da muke sayarwa duk suka ɓace, matar nan ta garin Takoradi ta kira sau uku tana neman kayan bikinta. Na buga wa kamfanin waya, wata ma'aikaciyarsu ta ce komai na ciki da tsohon sunan yake neman hanyarsa, gyaran sai an yi kwana biyu. Na ce mata ai an naɗa ka. Ta ce, “Allah ya sanya alheri, Madam, amma na'ura ba ta je wurin naɗin ba.”

To, na mayar da tumbinka inda yake, shafi ya tashi.

Da azahar dattawa za su zo ganin shafin. Don Allah ka shiga akawun ɗin kafin su iso, kada ka rubuta sunan a gabansu. In kuma wani ya hango, ka ce na marigayi ne. Ai su suka binne shi jiya.

Tuwonka na fufu na cikin kula.

Afia