Da I'inata Ɗan Kawuna Ya Yi Abokai a Ƙasar Waje

Gwaggo, don girman Allah ki taimaka mini da shawara. Abin ya kai mini iya wuya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa da baki, don bakin ne ma matsalar.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun injiniya, kuma ina da i'ina tun ina yaro. Idan hankalina a kwance yake takan yi sauƙi, amma in aka zuba mini ido, sunana ma sai ya maƙale. Bana aka zaɓi 'yan ƙalilan daga sashenmu aka kai mu ƙasar waje, mu ga yadda manyan kamfanoni suke aiki, mu kuma ƙulla sanayya da mutanen da za su yi mana rana nan gaba. A cikinmu har da ɗan kawuna, ajinmu ɗaya, a gida Lauya ake ce masa saboda baki. Mahaifiyata har cewa ta yi hankalinta ya kwanta tunda da ɗan'uwa zan tafi.

A wani kamfani aka shirya mana cin abincin rana. Dogon tebur, kowa da kati maƙale a ƙirji, aka ce a bi layi kowa ya gabatar da kansa. Da aka zo kaina na tsaya a harafin farko, ina ja, ina ja. Ba wanda ya yi dariya, Gwaggo, wallahi jira suke yi. Sai Lauya ya miƙe ya dafa kafaɗata, wai bari ya fassara. Ya kwaikwaye ni tsaf, har runtse idon da nake yi da buga ƙafa, sannan ya ce tsohuwar mota ce, sai an tura take tashi. Kowa ya fashe da dariya. Malamin da ya raka mu har da share hawaye.

Daga ranar na zama jarinsa. Duk inda muka shiga, in ya ga an ɗaure fuska, sai ya jawo ni ya yi musu wasan, su dara, su miƙo masa katinsu mai ɗauke da lambar waya. Shi ya dawo da waya cike da lambobi, ni na dawo da hotunan da ba na ciki, don ni ake miƙa wa waya in ɗauka. Ranakun ƙarshe ma a ɗakin otal na zauna, na ce cikina ke ciwo.

Ashe wata a cikinmu ta ɗauki bidiyo. Yanzu yana yawo a sashenmu, sababbin ɗalibai in sun gan ni a matakala sai su fara buga ƙafa. Na kai ƙara wajen mahaifiyata, ta ce wasa ne na 'yan'uwa, kada in raba ta da yayanta. Mahaifina tela ne, kullum yana gaya wa masu kawo ɗinki ɗansa ya je ya gana da manya, ni kuwa sai in sunkuyar da kai. Shi Lauya da na yi masa magana, cewa ya yi ai rufa mini asiri ya yi, ba don shi ba da har yanzu muna can ana jiran sunana.

Na tsane shi, Gwaggo, tsanar da ke hana ni cin abinci. Ga shi saura kaɗan in tsaya gaban malamai in kare aikina na ƙarshe, kuma wancan malamin yana cikinsu. Na daina shiga aji. Ina so in janye kawai in koma shagon babana, keken ɗinki dai ba ya tambayar mutum sunansa. Laifi ne?

Mai Nauyin Harshe

Ɗana, sannu. Abin da ɗan kawunka ya yi maka ba wasa ba ne. Wasa shi ne wanda aka tashi kowa na dariya. Wanda aka tashi ɗaya ya ɓuya a ɗaki, sunansa cin mutunci. Malaminku kuma ya fi shi laifi, don shi aka ba amanarku.

Ranar farko ina iya yi wa Lauya uzuri, wataƙila shirun ne ya tsorata shi, ya ga kamar ceto yake yi. Amma da ya ga abin na kawo masa kati ya mayar da shi sana'a, nan uzuri ya ƙare. Kada katunan nan su tsone maka ido. Mutanen sun san shi ne a matsayin wanda ke sayar da ɗan'uwansa don a yi dariya, kuma mai hankali ba ya ba irin wannan makullin ofis.

To amma gaskiya ɗaci gare ta. Kai da kanka ka ce jira suke yi. Baƙin nan sun ba ka lokaci, kai kuma daga baya ka kulle ƙofa ka ce ciki. Damar ta wuce, ba za ta dawo ba, kuma wani ɓangare na asarar da hannunka ka yi shi.

Ka samu kawunka kai tsaye, ba ta hannun mahaifiyarka ba, ka nuna masa bidiyon ka bar shi da ɗansa. Ka rubuta wa shugaban sashenku, a tsawatar a kan yaɗa bidiyon, a kuma ƙara maka lokaci ranar kare aikinka. Ka tambaya a babban asibiti, akwai masu horar da magana. Kamfanonin da kuka ziyarta kuma ka aika musu da saƙo da bayanin aikinka, yatsu ba sa i'ina. Ranar da ka tsaya gaban malamai, ka fara faɗa musu kana da i'ina, su yi haƙuri. Wanda ya riga ya faɗi abinsa ya kashe bakin mai kwaikwayo.

Ɗinki sana'a ce mai daraja, amma kai ba ɗinki kake so ba, maɓoya kake nema. In ka janye, bidiyon nan shi kaɗai zai rage na muryarka a makarantar, kuma ba ma kai ne kake magana a ciki ba. Ka shiga ka tsaya, ko sunanka zai ci rabin lokacin, su jira. Allah ya ba ka sa'a, ya sanyaya maka zuciya.

Gwaggonku