Sarƙar Bakanike a Wuyan Mangwaron Uwarka

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya tsare ku ya ƙara rufin asiri. Mu nan da sauƙi, in ban da gwiwata da ta ƙi ni. Yayarka ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya, don na san halinta na kare ka.

Akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi. Ranar da ka gama karatu na tambaye ka a gaban baƙi me ka koyo, ka ce ilimin cikin bishiya. Na ce to ɗan gutsura min, sai ka yi dariya ka ce ba zan gane ba, baƙi suka taya ka. Ban manta ba. Yau ga ilimin nan naka ya biyo ni har ƙofar gida, kai kuma in an kira ka sai ka ce kana aji kana koyarwa, za ka kira. Har yanzu kana ajin.

Zancen mangwaron ƙofar gida ne, wanda marigayiya uwarka ta shuka tana goye da kai. Lokacin da na kwanta asibiti, yayanka ya bar bakaniken da ke maƙwabtaka da mu ya naɗa sarƙa a jikinsa yana rataya injin mota. Na dawo na yi faɗa, aka ce tsoho ya cika mita. Da ƙyar aka kwance ta bana, ashe ta cinye ɓawon ta zagaye shi kaf, faɗin tafin hannuna, itacen ciki a fili fari fat.

Yayanka ya kawo malamin gona. Mutumin kirki ne, ya tsuguna ya yi min bayani bai yi dariya ba, ka ji. Ya ce a ƙarƙashin ɓawo akwai wata siririyar hanya da ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa, da Turanci sunanta fulowem. Can ciki kuma akwai wata mai hawa da ruwa, ita ce zailam. Ya ce sarƙar ta yanke ta farkon, ta bar ta biyun, shi ya sa ganyen ke kore shar alhali saiwar tana mutuwa da yunwa a ƙasa. Na ce masa ya ɗaga kai ya dubi 'ya'yan da ya yi bana, rassa har suna taɓa rufi. Ya ce wannan ma alamar ce, abincin ne ya rasa hanyar sauka ya taru a sama. Na sa yayarka ta yi ta maimaita min kalmomin har suka zauna. Ga shi na gane, Auta. Ashe ana iya gane shi in an samu mai faɗa.

Yanzu yayanka ya yi magana da mai zarto, wai a sare mangwaron ƙarshen wata kafin iskar damina ta kayar da shi kan ɗakin yara. Ni kuwa na fitar da kujerata na kafa a gindinsa, nan nake wuni, na ce sai dai su haɗa da ni. Matar yayanka tana miƙo min abinci tana cewa Baba ya zama maigadi babu albashi. Su yi ta yi.

Amma ba na barci da daɗi, don yaran nan jikokina ne, ban kuma san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Da malamin zai tafi ya ce akwai masu yanko ƙananan rassa su dasa su sama da ƙasan raunin, su zama gada abinci ya bi ya sauka. Ya ce shi bai taɓa yi ba, ba zai kuma yi min alkawari ba. Yayanka ya ce tatsuniya ce. Kai ne ka ci shekaru kana leƙa cikin itace da madubi, kai kaɗai zan yarda da bakinka. Uwarka ba ta bar min zane ko ɗan kunne ba, duk an raba. Mangwaron nan ne kawai abinta da nake taɓawa.

Ka gaishe da matarka da 'yarka, takwarar uwarka, da ban taɓa ɗauka ba. Yayarka da gwaggonka suna gaishe ka. Yayanka bai ce a gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Kada ka aiko min da a yi haƙuri, na ƙoshi da shi. Gadar nan tana yiwuwa ko ba ta yiwuwa? In tana yiwuwa, ka zo da wuƙarka ka yi ta da hannunka. In kuwa mangwaron ya mutu, ka faɗa min da bakinka, da Hausa, ni da kaina zan ɗauke kujerar. Amma ka amsa min kafin mai zarto ya iso.

Ni ne,
Mahaifinka.